Ruwan Jegon Hansatu

Tun shekarar da wuta ta cinye dajin Falgore, hayaƙi bai bar Tudun Wada ba. Kowane gida da injin tace iska a jikin bango, yana gurnani ba dare ba rana. Dokar kuwa ɗaya ce: duk gidan da tauraron ɗan'adam na gwamnati ya hango an hura wuta, sai a kashe musu inji kwana bakwai.

Kwanan Hansatu uku da haihuwa, mijinta Mamuda ya dawo daga kemis ya tarar da surukarsa, Goggo Tasalla, durƙushe a bayan ɗaki tana jera itace ƙarƙashin tukunya.

"Goggo, don girman Allah! Ga tukunyar lantarki can na sayo."

"Wannan abar? Ruwanta ko kaza ba zai fige ba. Haka kawai sanyi ya shige mini yarinya? Haihuwata tara, duk da ruwan itace na yi jego."

"Jaririn fa? Likita ya ce huhunsa bai yi ƙwari ba."

"Ai na rufa tabarma a sama. Tauraron naku har cikin tabarma yake gani?"

Kafin ya isa wurinta ta ƙyasta ashana, itacen ya kama. Mamuda ya tattake wutar da takalmi, yana haki, ya ɗaga kai sama. Bai ga komai ba.

Goggo ta yi dariya. "Ka gani ko?"

Sai ga muryar Hansatu daga ɗaki: "Malam, me ya sa gidan ya yi tsit haka?"

A bayan muryarta, jaririn ya fara tari.