Lambar da Ta Rage a Allo

Da kifi biyu a hannu ya dawo, ya tarar da garin kaf a bakin ramin kwal. Ramin ya rufta tun hantsi. Ƙa'idarsu ce su masu haƙar kwal, mai shiga ya rataye lambarsa a allo, mai fita ya cire. Shi kuwa da ya sulale daga aiki ya tafi kogi, ya manta da tasa a rataye.

Matarsa ta tsayar da kuka, ta ƙura wa kifin ido.

Abokin aikinsa ya fito baƙi ƙirin, faratansa na jini. Ya ciro lambar ya miƙa masa.

"Ungo, mutumina. Awa shida muna haƙa muna kiran sunanka. Kifin dai ya ci ƙugiya?"

Shekara ashirin yana tsoron ƙasa ta binne shi. Yau ita yake roƙo ta tsage ya shige.