Kalma Huɗu Kafin Juma'a

"Caano," in ji Ubah, tana nuna kofin madarar raƙumi. "Daga can cikin maƙogwaro, Baba, kamar ana ɗan shaƙe ka."

Yasin ya buɗe baki. Abin da ya fito, ko akuya ba za ta waiwayo ba. Ya sake gwadawa har jijiyar wuyansa ta miƙe, sannan ya goge gefen bakinsa ya kau da kai.

Wata biyar ke nan da jirgi ya sauke shi a Hargeisa, kuma duk Somaliyancin da ke bakinsa bai wuce ruwa da madara da raƙumi da "zo" da "tafi" ba. Ji kam yana ji. Mayar da magana ce ta gagara. Kullum da hantsi 'yarsa Ubah kan zaunar da shi a tsakar gida, ta faɗi kalma ya maimaita, ya kuma rubuta da hannun hagu, rubutu kamar kaza ta yi tono. Abin da ya kama yau, gobe ya zube.

Ga shi kuma ranar Juma'a dangin Guled, saurayin Ubah, za su zo neman aurenta. A garin nan ba a ba da 'ya da gyaɗa kai. Baƙi sukan yi jawabi, su jero kakanninsu, su yabi gidan da suka zo. Sai uban yarinya ya miƙe ya mayar da abin da ya fi nasu daɗi, ya rufe da cewa ya ba su. Wanda ya kasa, sai a shekara ana ba da labarinsa a shagunan shayi.

Matarsa Anab ta ce a bar wa yayanta ya yi maganar, ai ba haramun ba ne. Yasin ya buga sandarsa a ƙasa har sau uku. 'Yarsa ɗaya ce tak a duniya, kuma ba zai zauna kamar buhun gero wani ya bayar da ita ba.

Sai suka rage jawabin ya koma kalma huɗu: "Gabadha waan idin siiyey." Na ba ku yarinyar.

Don ya ji yadda ake furuci, Ubah ta zaƙulo wani tsohon kaset daga akwatin uwarta. Wani mutumin gidan rediyo ne yake rera doguwar waƙar sa wa amarya albarka, murya sumul, kowane harafi a mazauninsa. Yasin ya tsani kaset ɗin nan, kuma ya kasa rabuwa da shi. Yakan lumshe ido yana motsa leɓe, mai waƙar ya wuce ya bar shi a baya tun daga baitin farko. Daga nan sai ya danne maɓallin rakodar da ƙarfi, Ubah ta faki ido ta shiga ɗaki ta share hawaye.

Ranar Laraba ya ja ƙafa zuwa shagon shayin bakin titi don ya gwada bakinsa a cikin maza. Yana isa hira ta mutu. Wani ya tashi ya ba shi kujera, wani ya rage muryar rediyo. Kafin ya gama kokawa da kalmar shayi, mai shago ya dire masa kofi, har da citta yadda yake so. Da dariya suka yi masa, wallahi da ya fi samun sauƙi.

Ranar Alhamis ya haɗa kalma uku. Ta huɗun ta ƙi.

"Gobe za ta zo, Baba," in ji Ubah. Ita ma ba ta yarda da abin da ta faɗa ba.

Bayan la'asar ɗin Juma'a aka shimfiɗa tabarmi, maza kusan talatin suka zauna, mata suna leƙe ta bayan labule. Kawun Guled, wani dattijo mai jan gemu, ya yi jawabinsa a gajarce, yana ta sunkuyar da kai kamar mai jin nauyin yin magana a gidan. Da ya gama, aka juyo ga Yasin.

Ya dogara da sanda ya miƙe. "Gabadha," ya ce, kuma ta fita daidai. Sai ya tsaya. Sauran ukun da ya kwana yana nanatawa suka ɓace masa fat. Ya buɗe baki, ya rufe, gumi na bin wuyansa. Ba wanda ya yi tari, ba wanda ya iya kallonsa. Yayan Anab ya yunƙura zai tashi, Yasin ya girgiza masa kai. Tsoro da kunya suka rufe shi.

A bayan labule Ubah ta danna maɓalli.

Muryar kaset ta cika tsakar gidan, tana sa wa amarya albarka, baiti na bin baiti. Dattawan suka soma bi a hankali, don babu wanda bai haddace ta ba tun yana saurayi. Mai jan gemu ya ja rawaninsa ya rufe ido.

"Mun ji, mun karɓa," in ji shi. "Wa zai ƙara wani abu a kan wannan?"

Yasin yana tsaye, hannun damansa na reto a gefe, yana sauraron mutumin da duk Hargeisa ta koyi iya magana a bakinsa. Muryar shi Yasin ɗin ce, wadda aka naɗa shekara talatin kafin shanyewar ɓarin jikin da ta kai shi asibiti a ƙasar waje, ta dawo da shi gida ba ko kalma ɗaya.