Gwiwar da Ta Ƙi Miƙewa

Motar Mora ƙarfe biyu take tashi, kuma sha biyu ta gota kafin a kira sunan Alhaji Hamadu. Matarsa Lauratu tun safe take kai-komo a barandar asibitin nan na Garwa, ta leƙa taga, ta dawo, ta gyara mayafi, ta sake leƙawa. Shi kuwa gogan yana kan benci ya sha mur, tikitinsa a aljihu.

Maganar ɗaya ce, gwiwarsa ta hagu. Shekara uku ke nan, in ji shi, tana lanƙwashe ta ƙi miƙewa, yatsun a dunƙule, ga zugin da ba ya ɗaga masa ƙafa ko ranar salla. Dillalin da a da yake wuni tsaye a kasuwar shanu, ana jin muryarsa daga bakin titi, yanzu ko loma biyar ba ya iya yi bai ciji leɓe ba. Likitoci uku suka gani. Kowanne ya rubuta ƙwayoyi, ya kalli Lauratu da tausayi, babu wanda ya ko ce a ɗauki hoto.

Sai Alhaji ya yanke hukunci cewa inda abin ya lalace, can za a gyara shi. Wurin kuwa wani ƙauye ne bayan Mora, dab da iyaka, wanda mutanensa suka watse tuntuni, hanyarsa ko sojoji sai da shiri suke bin ta. Ya buga wa ƙanensa Salisu ya tare shi a tasha da kayan aiki.

"Shi ya ɓata da gaggawarsa," haka yake cewa kullum. "Da ya tsaya ya miƙar da ita ranar nan, da ba haka ba."

Lauratu ta yi kuka, ta yi fushi, ta haɗa shi da liman. Har katinsa na ɗan ƙasa ta ɓoye cikin buhun shinkafa, ya tono abinsa. Tsoronta a fili yake: in ya bi wannan hanya, ba lalle ya dawo ba. Da ƙyar ta samu ya yarda ya ga wata mai gashin ƙashi, Madam Nadine, da sharaɗin in ita ma ƙwaya ce, daga nan sai tasha.

Madam Nadine gajeruwa ce, ba ta da yawan magana, Hausarta kuma rabi Fulatanci ce. Ta saurare shi har ya gama zagin Salisu, ba ta katse shi ba. Ba ta ce ya taka ta gani ba. Ta jingine sandunansa a bango, suka kama shi ita da Lauratu ya hau gado, ta sa masa filo ya kishingiɗa. Sannan ta jawo wani dogon madubi ta tsayar da shi a tsakanin cinyoyinsa, fuskar madubin na kallon dama.

"Alhaji, nan kawai za ka duba. Kar ka ɗauke ido."

Lauratu ta ja tsaki a ranta. Sun zo asibiti, an kawo musu kayan wanzami. Ta dubi agogon bango, sha biyu da rabi.

Madam Nadine ta naɗe wandon dama har cinya. Ta duba fatar ko da kumburi, ta ɗora bayan hannu ta ji ɗumi. Ta danna ƙoƙon gwiwa, ta tura shi nan da can, ta bi gefen gaɓar da babban yatsa a hankali kamar mai tsince shinkafa. Ta lanƙwasa ƙafar, ta zauna kan sawun, ta ja ƙwaurin gaba, ta tura baya. Ta juya kwatangwalo ciki da waje, ta sauko idon sawu ta murɗa shi.

Haba, wannan ai lafiyayyar ce. Me za a samu a jikinta? Lauratu ta tashi, ta zauna, ta sake tashi. Wayar Alhaji ta yi ƙara a aljihu, Salisu ne, ta san shi ne. Ɗaya saura kwata.

Sai ta dubi mijinta. Gumi ya keto masa, idonsa a kafe kan madubin, bakinsa a buɗe.

"Wace ƙafa kake gani?" in ji Madam Nadine.

"Ta hagu," ya ce, da wata murya da Lauratu ba ta san shi da ita ba.

"To lanƙwasa su biyun tare. Yawwa. Yanzu miƙe su, sannu-sannu. Buɗe yatsu."

Diddigensa ya zame kan zanen gado. Sau ɗaya, sau biyu, sau goma. A karo na goma sha wani abu, sai ya saki wani dogon numfashi, kansa ya faɗa kan filo, hawaye ya gangara har cikin kunnensa.

"Lauratu," ya ce, "ta miƙe. Wallahi ta miƙe."

Madam Nadine ta ce zugin zai iya dawowa, sai sun sayi madubi sun riƙa yi safe da yamma. Alhaji bai ma tsaya jin ƙarshen ba. Ya lalubo waya.

"Salisu? Na fasa. Mai da shebur ɗin nan ga mai shi, a bar ta ta huta."

Lauratu ta matso kusa. Ta durƙusa gefen gado tana hamdala, ta naɗe masa ƙafar wandon hagu ta danne da fil, kamar yadda take yi kowace safiya tun ranar da nakiya ta tashi da motarsu, Salisu ya binne ƙafar a lanƙwashe cikin ɗan guntun rami.