Kan Mai Lafiya

Jikata Rashida ce ta fara ba ni labarin nan, ita da ke aiki a ɗakin hoton ƙwaƙwalwa. Ranar nan tuwo bai ciyu mini ba.

Sammani direban asibitinsu ne, a Ƙofar Sauri yake. Bara zazzaɓi ya kayar da shi har da jijjiga, irin ƙwayar cutar nan mai hawa kai. Ya miƙe, ya koma aiki, kowa ya ce ya warke garau. Shi ya riƙa kai likitoci Kano da Sakkwato, wai suna daidaita injinan hoto don awon can da na nan ya zama ɗaya.

Sannu a hankali hali ya sauya. Mutum mai kunya, sai ga shi yana tsoma hannu a kwanon surukarsa yana lashe yatsu. Ya tauna sabulun wanka. Ranar sunan ɗan maƙwabci ya tsuguna ya yi fitsari a zaure, malamai na zaune. Matarsa Hure ce ta wanke wurin.

Ta ja shi asibiti da magana ɗaya a ranta. In ciwo ne, za ta zauna ta yi ta wanki har Allah ya yanke. In iskanci ne, ta gama aure.

Likita Na'ima sabuwar zuwa ce. Ta yi mata bayani: kowane hoto sai an cire masa suna da fuska, sannan a jera shi da kan wani mai lafiya da aka ajiye ya zama ma'auni. Sammani kuwa tun kafin a ce masa komai ya tuɓe agogo, ya toshe kunne, ya miƙe cikin injin.

"Babu bambanci ko na ƙwayar gero," in ji likita. "Lafiyarsa lau."

"To iskanci ne ke nan," in ji Hure.

A bakin asibiti ya riƙe mata gyale, yawu na zuba a kai. Baiwar Allah ta sakar masa gyalen ta wuce gidan iyayenta. Ni dai ban ga laifinta ba.

Washegari da safe ta zo da a-kori-kura kwasar kayan ɗaki. Ta tarar da likita tsaye a ƙofar gida, likitar ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba.

"Hure, dakata. Kai biyu ba sa zama ɗaya haka, ko na tagwaye. Shi ya sa na bincika."

"Mi kika gano?"

"A tafiye-tafiyen nan na Kano da Sakkwato, bayan zazzaɓinsa, likitoci sun rasa mai lafiyar da zai shiga injin, sai suka ce direba ya kwanta. Kan da muke auna kowa da shi, na mijinki ne."