Kujerata a Taron Turai

Duk faɗin Zongon Lome babu wanda ya kai ni kishin 'yan aikatau. Ranar da wata ƙungiyar Turawa ta kira taro, na yi jawabi kan 'yan matanmu da ake ƙwace wa fasfo a ƙasashen masu arziki, har Madam shugabar ƙungiyar ta share hawaye. Ita ke zaɓen wanda za a kai babban taro a Turai, ni kuwa na tsufa ina neman biza.

Wajen shan shayi ta ja ni gefe.

"Malam Buraima, zan koma gida. Ina neman yarinya mai haƙuri, wadda ba ruwanta da hutun Lahadi. Takardunta ni zan adana mata."

Na dube ta da idon mai digiri biyu. Na ce, "Akwai ƙanwar matata, Salamatu. Har guga ta iya."

A gida matata ta ce, "Haba maigida, saura kaɗan ta gama koyon ɗinki a yaye ta."

"Ɗinki ba ya guduwa."

Salamatu ta tashi. Ta naɗe tef ɗin awonta, ta miƙa wa yayarta. Ranar tafiyarmu Turai da Madam, ita ta ɗaukar mini jaka.