Bangon Da Ya Ari Rigar Siminti

An yi wata mata a wani gari, ɗakinta ginin ƙasa ne da rufin kwano, irin wanda sai an yi masa yaɓe duk shekara kafin ruwa ya sauka. 'Yarta ta fari tana aure a birni, ciki ya tsufa, za a kawo ta gida ta haihu ta yi wankan jego a gaban uwarta. Tun da aka sa ranar zuwan, barci ya ƙaurace wa matar nan. Ba haihuwar kaɗai ke cin ranta ba, dangin mijin 'yar ne, mutanen da ko makewayinsu siminti ne. In ta ɗaga ido ta ga bangon gabas, ga tsaga ta taso daga tushe har kusa da rufi, sai ta ji kamar tsirara za a same ta. Ana haka wata maƙwabciya ta nuna mata a waya yadda ake yi wa bango kwalliya ya fito sak filasta. Ai kuwa ba ta yi wata-wata ba. Ta cusa tsummoki a tsagar, ta sayo ɗan siminti, ta dama shi ruwa-ruwa kamar koko, ta zuba rairayi mai laushi, ta shafe bangon ciki da waje da tsintsiya, ta bi da soso, sannan ta ja masa layi-layi da ƙusa kamar jerin bulo. Da ya bushe, wallahi ita kanta sai da ta tsaya tana kallo.

To mijinta direba ne, ba ya zama, yayansa ne ke zuwa da magina su yaɓe gidan in bazara ta yi nisa. Ranar da ya zo ta yi daidai da ranar da aka kawo yarinyar, gwaggon mijin yarinyar tana zaune a tabarma ana gaisawa. Ya zaga gida, ya zo bangon gabas ya ja ya tsaya. Ya ce, "A'a! Ashe bulo kuka sa babu ko labari? To wannan kam ya huta da yaɓe." Gaskiyar ta zo mata har bakin harshe. Ta kalli baƙuwa, ta ga tana gyaɗa kai cikin yabo, sai kawai ta ce, "Alhamdu lillahi." A ranta tana cewa in baƙi sun tafi za ta aika masa da gaskiyar. Baƙi suka tafi, haihuwa ta zo, aka yi suna, ga dafa ruwan wanka safe da yamma, ga kunun mai jego, ga kuma kunyar zuwa ta ce wa babban mutum ƙarya ta yi masa. Kullum gobe, kullum gobe, har damina ta kankama. Shi ruwa a wajenmu daga gabas yake bugowa. Yana shiga ta saman tsagar, tsummoki suna sha suna riƙewa, ɓawon simintin kuma ya hana ƙasar shan iska ta bushe. Daga waje ba ka ganin komai. Ita dai in ta dafa bangon sai ta ji sanyi kamar jikin randa, ta cire hannu da sauri ta ce Allah ya tsare. Da wani wuri ya kumbura, sai ta rataya labule a kai.

Ranar da dangin mijin yarinyar suka zo duba mai jego, bayan azahar hadari ya haɗu, aka sako ruwa kamar da bakin ƙwarya. Suna rumfa suna cin abinci, yarinyar ta shiga ɗaki ta kwanta da jaririnta a gadon da ke jikin bangon. Ba wata ƙara mai girma aka ji ba, kamar dai an yar da buhun gero. Matar ta juya, sai ga shi tana hango titi ta cikin ɗakinta. Bango babu, gado babu, sai tsibin jar ƙasa. Baƙin nan da take jin kunya su ne suka zube a taɓo da lesunansu suna tono da hannu, da faranti, da murfin tukunya. Aka tarar da yarinyar ta kife a kan ɗanta. Yaro ya yi kuka, aka ce Allahu akbar. Mai jegon kuwa ƙugunta ya karye, yarinya ɗanya shakaf, yanzu sai da sanda take takawa.

Yayan maigidan ya iso a jiƙe, ya duƙa ya damƙi ƙasar, ta narke a hannunsa kamar tuwon da ya kwana a ruwa. Sannan ya juya ga matar ya ce, "Ƙasa ce? Haba baiwar Allah, da kin faɗa mini, ai kafin la'asar an gama yaɓe shi." Jan ruwan yana ta malala a tsakar gida, yana bi ta ƙafafun surukai, babu wanda bai gani ba. Shi ya sa Hausawa suka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.