Abin da Wayar Mama Ta Tuna

Cajin wayata ya ƙare, ga jawabin godiyar da zan yi gobe a taron sallamata a cocinmu na Narayi ban rubuta ba. Na ɗauki wayar Mama, na buɗe manhajar nan mai amsa tambayoyi da ni na koya mata.

Haushin Mama nake ji. Bikin aurena da muka sa Disamba ta dawo da shi Agusta, tsakiyar damina, ta ƙi sauraron kowa. Na rubuta: "Shirya mini jawabin taron gobe, gajere."

Manhajar ta ɗauka Mama ce. Ta amsa: "Barka, ranar da kike ta addu'ar gani ta zo. Kafin in rubuta, kin gaya wa 'yarki abin da likita ya ce kan ciwon hantar, ko har yanzu sai bayan biki?"

Na ja hirar sama. Tun Afrilu suke magana. Kullum sai Mama ta gaishe ta, ta ce ya aiki, sannan ta tambaye ta ko za ta kai Disamba.

"Ke amarya, fito ki ji waƙarki!" Mama ta kira daga tsakar gida.

Na leƙa ta taga. Matan zumuntar cocinmu na buga tulu, tana gabansu tana rawa. Zanin zumuntar da bara da ƙyar yake kama ta, yau ya zagaye ta sau biyu. Ni kuwa duk watannin nan tsokanarta nake yi, wai azumi ya yi mata yawa.